Bin Sawun Zafi: Gwanintar Kanikawan Anka, Gummi da Bukkuyum

Duk motar hayar da ke bin hanyar da ta tashi daga Mayanci ta ratsa Anka, ta bi ta Daki Takwas ta sauka Gummi, ko ta ratse zuwa Bukkuyum, da wuya a buɗe but ɗinta ba a tarar da jarkar ruwa ba. Ruwan nan ba na fasinja ba ne, na inji ne. Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin rana kan haura digiri 40 a wannan sashe na Zamfara, ba direban da ke yarda ya bar tasha bai cika ta ba.

Motocin da ke ɗauke da zirga-zirgar yankin duk sun manyanta. Akwai Golf da Sharon waɗanda aka ƙera a shekarun 1990, suka gama zamaninsu a Turai, suka shigo mana ta Kwatano. Akwai Hiace, akwai Kanta masu jigilar hatsi da dabbobi ranar kasuwa, ga kuma 'yan ragowar Fijo 504 da 505 na kamfanin Kaduna da ya fara harhaɗa motoci a 1975. Motar da aka yi don mutum biyar sai ta ɗauki ninkin haka, ga kaya har murfin but ba ya rufuwa, ga ƙura, ga ramuka. In irin wannan mota ta riƙa zafi, ba abin mamaki ba ne. Abin da ya cancanci a tsaya a duba shi ne yadda wasu mutane, ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar dogon yaro, ba kwamfuta ba na'ura, suke gano takamaiman abin da ya jawo.

Kuma a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin yammacin Zamfara, tsayuwar mota a tsakiyar daji ta wuce maganar ɓata lokaci. Direban da allurarsa ta hau ja tsakanin gari da gari, zaɓi biyu gare shi, duka masu ɗaci: ko ya tsaya inda bai kamata a tsaya ba, ko ya ci gaba da taka totur har inji ya buga. Bakaniken da ya raba shi da wannan zaɓi tun daga gareji ya yi masa aikin da ya fi kuɗin da ya karɓa nesa ba kusa ba.

Zafin inji kamar zazzaɓi yake a jikin ɗan Adam: alama ce, ciwon yana wani wuri. Bakaniken da bai ƙware ba da alamar yake faɗa. Yau ya ce lagireto ne, gobe ya ce wata-famfo, jibi ya ce a sauke top, har mai mota ya ƙarar da jarinsa, mota kuma tana nan tana tafasa. Gwani kuwa bin sawu yake yi. Ya san inda zafi ke tasowa, ya san hanyar da ya kamata ya bi ya fita, sai ya bi hanyar nan daki-daki har ya iske wurin da ta toshe.

Hanyar da zafi ke bi

Daga man da inji ke ƙonawa, abin da ke zama ƙarfin juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa. Sauran yana shiga ƙarfen inji, kuma dole a kwashe shi a watsar a iska. Ruwa ne ke wannan dako. Wata-famfo, wanda bel ke juyawa, yana tura shi ta kafofin da ke cikin bulok da top silinda. Ruwan ya kwashi zafi, ya fita ta tiyon sama, ya shiga lagireto ya rarrabu cikin siraran bututai, iska ta ratsa tsakaninsu ta ɗauke zafin, sannan ya dawo ta tiyon ƙasa. Tamostat na tsaye a kan hanya: inji na da sanyi tana rufe, in ya ɗumama ta buɗe. A Golf takan fara buɗewa a wajen digiri 87, shi ya sa lafiyayyar Golf allurarta ke zama a kan 90. Fanka ita ke jawo iska in mota tana tsaye ko tana tafiya a hankali.

Sai murfi, wanda mutane da yawa suka raina. Ruwa a buɗaɗɗen wuri yana tafasa ne a digiri 100. Murfin lagireto yana da sifirin da roba waɗanda ke riƙe matsi a ciki, har ruwan ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robar ta tsage ko sifirin ya saki, wannan rata ta tafi, ruwa ya riƙa tafasa yana fita ta tiyon ambaliya alhali komai na injin lafiya lau.

Ke nan abu biyar gwani ke riƙe da su a kai. Ruwa ya isa. Ruwa ya zagaya. Iska ta ratsa. Matsi ya riƙu. Injin kansa kuma kada ya haifar da zafin da ya fi ƙarfin waɗannan huɗun. Duk motar da ke zafi, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ne ya karye, wani lokaci biyu tare.

Tambaya kafin sifana

Direba zai shigo gareji yana huci. "Oga, wagga mota ta ishe ni. Kullum zahi, kullum ruwa nika zuba mata."

Gwani ba ya ɗaukar sifana tukuna. "Sannu, Malam. Yaushe taka yin zahin? In kana tsaye cikin tasha, ko in ka miƙe hanya? Ruwan da kaka zubawa, ka taɓa ganin shi ƙasa? Wa at taɓa injin daga baya, mi kuma yac canza?"

Amsoshin nan su ne rabin aiki. In mota tana zafi a tsaye, ko a cunkoson kasuwa, amma da an hau kwalta allura ta sauka, to iska ce ta gaza. Gudu yana kawo iskarsa, tsayuwa kuwa sai fanka. Nan za a duba fankar, da fis, da rile, da makunnin da ke jikin lagireto wanda ke tayar da ita in ruwa ya haura digiri 90 da 'yan kai. In kuma akasin haka ne, cikin gari lafiya amma da an ɗauki lodi an miƙe hanyar Gummi allura ta fara hawa, to ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata: ko bututan lagireto sun toshe, ko fukafukan wata-famfo sun cinye, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana tsukewa in inji ya ɗauki wuta. In mota tana zafi cikin 'yan mintuna da tayarwa, hankali sai ya koma kan tamostat da ta maƙale a rufe, ko iskar da ta tare hanya bayan an zuba ruwa da gaggawa. In kuwa ruwa na raguwa kullum ba a ga ɗigonsa a ƙasa ba, to ko murfi ne ke sakin shi tururi, ko yana shiga cikin inji.

Tambayar ƙarshe, ta wanda ya taɓa injin daga baya, ita ce ta fi saurin kai mutum ga gaskiya. Mota ta shekara ba ta zafi, aka kai ta wajen mai wayarin, ta dawo tana yi. Gwani sai ya ɗauki 'yar takarda ya riƙe gaban lagireto fanka na juyi. In iska ta manna takardar a jiki, fanka na jawowa ciki, daidai ke nan. In ta ture ta waje, an juya wayoyi, fanka na karo da iskar hanya. Gyaran minti biyar ne, amma wanda bai san wannan ba zai iya sa mai mota sayen sabon lagireto.

Safiya, inji na da sanyi

Gwani yakan ce a bar masa motar ta kwana, domin inji mai sanyi ya fi faɗin gaskiya. Da safe kafin a tayar, zai matsa tiyon sama da hannu. Lafiyayyen inji in ya huce matsinsa ya sauka, tiyo ya yi laushi. In ya kwana da tauri, ko kuma ya ƙanƙame cikin daƙiƙu kaɗan da tayarwa tun ruwa bai ɗumama ba, to wani abu ne ke hura masa iska daga ciki, sai gwani ya ajiye wannan a ransa.

Sai ya buɗe murfi ya juya shi, ya dubi robar, ya danna sifirin da ɗan yatsa. Ya leƙa ruwan: ja ne na tsatsa, ko akwai maiƙo a samansa. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya buɗe murfin mai ya dubi cikinsa ko akwai kumfa mai launin shayi da madara. Ya bi jikin inji da tocila yana neman farin sawu ko jan zane, domin ruwan da ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi yakan bushe nan take, amma yakan bar shaida. Ƙarƙashin wata-famfo akwai wata 'yar huda da masu ƙera shi suka bari da gangan, in sil ɗin ciki ya mutu ta nan ruwa ke fara tsattsafowa. Ya kama fulin famfon ya girgiza ko yana wasa. Ya danna bel da babban yatsa. Ya sa hannu ƙarƙashin kafet ɗin gaba ko da danshi, don ɗan lagireton hita da ke cikin dashbod shi ma yana yoyo a ɓoye.

Sannan a tayar. Ya ɗora hannu a kan tiyo ya yi shiru. A Fijo tamostat tana wajen tiyon sama, a Golf kuwa tana ƙasa a jikin wata-famfo, don haka kowace da tiyon da ake taɓa mata. Abin da yake jira shi ne tiyon ya zauna da sanyi na ɗan lokaci, sannan farat ɗaya ya ɗauki zafi. Wannan ce lafiyayyar tamostat. In tun farko yana ɗumama a hankali, ko an cire ta ko ta maƙale a buɗe. In allura na hawa tiyo na nan da sanyinsa, ta maƙale a rufe, ko famfo ba ya turawa. Don a kawar da shakka sai a ciro ta a jefa cikin tafasasshen ruwa, a ga ko za ta buɗe baki.

Bayan inji ya yi zafi an kashe, sai ya cire wayar fanka, domin fankar Golf tana iya tashi ko da makulli na aljihu, sannan ya bi fuskar lagireto da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan. Zafi ya kamata ya riƙa raguwa a hankali daga mashiga zuwa mafita. Duk inda hannu ya ji wani yanki mai sanyi a tsakiyar zafi, bututan wurin sun toshe. Abin da ake sayen na'urar auna zafi domin shi a manyan garejojin birni, tafin hannun da ya shekara ashirin a sana'a yana faɗin shi.

Ruwan da muke zubawa

Yawancin ciwon lagireto a wannan yanki daga jarka yake farawa. Direba na zuba abin da ya samu: ruwan rijiya, na burtsatse, na kududdufi, ko na Gulbin Zamfara da damina sa'ad da yake ja wur da laka. Ruwan ƙasa yana ɗauke da gishiri-gishirin da zafi ke daskararwa a bangon bututu, laka kuma ta kwanta a ƙasa. Tsurar ruwa yana cin ƙarfe ya haifar da tsatsa, yana cin alminiyam ɗin top. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan, wanda wasu ke ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne kawai, babban amfaninsa a wurinmu shi ne maganin tsatsar da ke cikinsa, ga shi kuma yana ɗan ɗaga ma'aunin tafasa. In ba hali, tataccen ruwan sama ya fi na rijiya. Wasu direbobi in lagireto ya huje a hanya sukan zuba garin taba ko ɗanyen ƙwai. Dabarar tana iya kai mutum gari, amma abin da ya toshe huda shi ne kuma zai toshe bututu, don haka gwani yakan tambaya ko an taɓa yi.

Ta waje ma haka. Da kaka ƙaiƙayi da ciyawa, da hunturu ƙura, da damina laka da ƙwari, duk suna liƙewa tsakanin ganyayyakin lagireto. A motocin da suka zo da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ta daɗe da mutuwa, nata faifan yana nan a gaba, kuma tsakaninsa da lagireto datti kan taru ya yi kauri ba mai gani. Gwani zai haska tocila ta baya ya leƙa ta gaba. Inda haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa.

Mai gyaran lagireto sana'arsa daban ce, kuma tana da kyan kallo. Tsohon lagireto na tagulla, irin na Fijo, yakan narkar da dalmar da ta riƙe tankinsa da wuta, ya ɗage shi, ya bi bututan ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe har ruwa ya fita tas ta kowanne, sannan ya mayar ya liƙe. Ya toshe bakunan, ya hura iska, ya nutsar cikin ruwa yana kallon inda kumfa za ta fito. Na alminiyam mai tankin roba, irin na Golf, ba ya jurar haka sosai, sau da yawa sauyawa ta fi. Mutanen Anka da Bukkuyum kuwa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan dalma, tun bayan gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinari, irin su Dareta da 'Yargalma. Mai gyaran lagireto ya kamata ya yi shi a sarari inda iska ke kaɗawa, ya wanke hannu kafin abinci, kada kuma ya shiga cikin yara da kayan aiki.

Maganar cire tamostat

Akwai al'adar da ta game garejojin ƙasar nan: mota na saukowa daga Kwatano a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye da makulli, wai kayan ƙasar sanyi ne. Gwanayen da suka yi zurfi ba sa yarda da wannan. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka bar shi yana yawo da sanyi, musamman da asubahin hunturu, mai ba ya ƙonewa sosai, ringi da silinda na saurin ci, kuma a motoci masu injekta ƙwaƙwalwar mota tana ganin inji bai ɗumama ba sai ta riƙa ƙara mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan asara ce da direba ke ji a aljihunsa kowace rana.

Akwai abin da ya fi haka. A injuna da dama tamostat aiki biyu take yi: tana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda tana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji kafin ya ɗumama. In aka cire ta, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwa ya riƙa komawa inji bai je lagireto ba. Sai ka ga motar da aka cire wa tamostat don maganin zafi ita ce ke tafasa a doguwar hanya. Ita kuma fankar da ba ta hutawa tana ƙonewa da wuri, ranar da ta mutu ba mai lura. Cire tamostat ɓoye ciwo ne, gwani kuwa so yake ciwon ya bayyana.

Gaskit, a ƙarshe

Sauke top don sauya gaskit shi ne aiki mafi tsada, shi ya sa gwani ba ya furta shi sai da hujja fiye da ɗaya. Zai sa tiyon ambaliya cikin gorar ruwa, a tayar da inji, a ɗan taka totur. In kumfa na fitowa a jere ba tsayawa, hayaƙin cikin silinda ne ke tsallakowa cikin ruwa. Zai tsaya bayan mota ya dubi salansa: farin tururin da ke ɓacewa da safe ba komai ba ne, amma wanda ya ci gaba bayan inji ya yi zafi magana ce. Zai kwance fulogogi ya jera su yadda suke a inji. Uku sun yi launin ƙasa-ƙasa, ɗaya ya fito fes kamar sabo, to tururi ne ya wanke shi, kuma silindarsa ce ruwa ke shiga. In yana da agogon auna matsin silinda, biyu maƙwabta da suka faɗi tare sun nuna gaskit ya ƙone a tsakaninsu.

In an sauke, aiki bai ƙare ba. Top na alminiyam yana lanƙwashewa in ya sha zafi. Za a kankare fuskarsa tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da kwance da karkace, a gwada zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. A Golf abin da aka yarda da shi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In ya wuce, sai a kai shi birni kamar Gusau ko Sakkwato a goge a inji. A duba tsakanin bawul da bawul ko da tsagewa. A Fijo 504 hannayen silinda zaune suke cikin ruwa, kuma top ne ke danne su, don haka wanda ya sani yakan ɗaure su da zarar ya ɗaga top, kada a juya inji su motsa, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Wajen mayarwa, ƙusoshi daga tsakiya ake fara ɗaure su a yi waje, zagaye bayan zagaye, da ma'aunin ƙarfi.

Nan ne kuma ake gane gwanin gaske. Ya san gaskit sau da yawa ba shi ne ya fara ba, shi ma zafi ne ya ƙona shi. Wanda ya sa sabon gaskit ya bar toshasshen lagireto ko matacciyar fanka, bayan 'yan makonni motar za ta dawo masa da ciwon jiya. Don haka ko bayan ya gano gaskit, sai ya koma baya ya nemo abin da ya kashe shi.

In laifin ba na ruwa ba ne

Wani lokaci a bi hanyar ruwa kaf a same ta lafiya. To sai a waiwayi abu na biyar. In taimin ya yi baya, wuta na tashi a makare, mai na ƙarasa ƙonewa a bakin bawul, zafi ya taru a top. In an matse kafireto don tsimin mai har iska ta rinjayi fetur, inji na yin zafi fiye da kima. Salansar da ta toshe tana hana hayaƙi fita, mota ta rasa ƙarfi ta riƙa huci. Birkin da ke kamawa yana sa inji jan nauyin da ba a loda masa ba, shi ya sa bayan gwaji gwani ke zagaya mota yana kai hannu kusa da kowane wili. Ƙarancin baƙin mai ma haka, domin mai na kwasar nasa kason zafin. Akwai kuma allurar da ke ƙarya: wayar da ta saki ko na'urar auna zafi da ta lalace sai ta nuna ja alhali ruwa bai ko kusa tafasa ba. Gwani yakan gwama abin da allura ta ce da abin da hannunsa ya ji.

Ba ya kuma sallamar mota don ta yi silo lafiya a gareji. In direba ya ce da lodi a doguwar hanya take zafi, to a hanya za a gwada ta, da rana tsaka, yadda ciwon ya saba zuwa.

Abin da ke kan mai mota

Wannan ilimi ba a littafi yake ba. Yaro yakan shekara yana miƙa sifana yana wanke ƙusoshi, sannan wata rana maigidansa ya kama hannunsa ya ɗora a kan tiyo ya ce, "Tsaya nan. In ka ji ya canza, ka hwaɗa min." Daga irin wannan ake gina bakanike, kuma maigidan da ke bayyana wa yaransa dalilin kowane mataki yana yi wa yankin hidimar da za ta daɗe bayansa.

Direba ma da nasa. In allura ta hau, a sauka gefe inda ya dace, a buɗe bonet, a jira. Ba a buɗe murfi inji na tafasa, domin ruwan da ya haura digiri 100 yana fitowa ne tururi ya sale fuska da hannu. Ba a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, top na iya tsagewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, motar da ta fara cin ruwa a kai ta tun ciwon yana ƙarami. A gareji kuma a faɗi gaskiya: sau nawa ta tafasa, an ci gaba da tafiya bayan ta yi ja ko an tsaya, me aka zuba mata.

Abu na ƙarshe shi ne wanda muka fi sakaci da shi. Mun saba biyan bakanike gwargwadon yawan abin da ya kwance. Wanda ya sauke top ya baza inji a tabarma mukan ga ya yi aiki, wanda kuwa ya yi awa biyu yana tambaya yana taɓawa, daga ƙarshe ya ce murfi ne kawai za a sauya, sai mu ga kamar bai yi komai ba. Alhali shi ne ya tsare mana kuɗin gaskit da na lagireto da kwanakin da mota za ta yi ba ta nema. Muddin muna biyan kwancewa muna raina ganowa, yara masu tasowa kwancewa za su koya. Wanda ya gano ciwo da hujja, a biya shi kuɗin ganowar, ko da abin da ya sauya bai kai kuɗin litar fetur biyu ba.